Abin da Digirin Auta Ya Sayo

Ranar da sunan Auta ya fito cikin waɗanda jami'a ta ɗauka, ta tarar da mahaifinta a tsakar gida yana goge hannu da kananzir, don maiƙon ƙarfe ba ya jin sabulu. Mai walda ne. Tun tana ƙaramar sakandare yake cewa ita ce za ta karanci haɗa magunguna ta buɗe kemis, shi kuma ya ajiye injin walda kafin idonsa ya ƙarasa lalacewa. Yayyenta ba su yi nisa a karatu ba, kowa yana fama da gidansa. Ita ce mai kan boko.

"Sun ba ki magungunan?" ya tambaye ta.

"A'a, Baba, makina bai kai ba. Antiropoloji suka ba ni."

"Anti wa?"

"Nazarin ɗan Adam ne. Yadda mutane suke zama da juna, da abin da ya sa suke yin abin da suke yi."

Ya daɗe yana kallonta da jajayen idanunsa. "To in kin gama nazarin nasu, wa zai biya ki?"

Ya ce tana iya jira baɗi ta sake jarrabawa. Ta ce ita dai ta duba abin da ake koyarwa, kuma wallahi tana so. Baba ba mutum ne mai ja-in-ja da 'ya'yansa ba. Ya ɗauraye hannu, ya shiga ɗaki, da lokacin biyan kuɗi ya yi kuma ya biya.

Shagonsa yana cikin wani dogon layi a bayan tsohuwar tashar mota, inda masu walda da kafintoci da masu fenti da masu gyaran jikin mota suke jere, rumfa tana jingine da rumfa. Maƙwabcinsa na dama shi ne Dogo, mai gyaran jikin mota, shugaban ƙungiyar layin, mutum mai murya kamar yana magana da wanda ke ƙetaren titi. Da Baba ya faɗa musu sunan karatun, Dogo ya ajiye guduma.

"Anti roba? Yanzu har roba sai an je jami'a? Ai da ka kawo ta nan, ga tsofaffin tayoyi jibge, kyauta."

Aka yi dariya har da Baba. Daga ranar, duk wanda ya ga Auta ta kawo wa mahaifinta saƙo sai ya ce, "Anti Roba, ya karatu?"

Karatun ya yi mata daɗi, kuma ta fita da sakamako mai kyau. Bayan nan ne abin ya tsaya. Da ta je neman aiki a banki, wanda ya karɓi takardunta ya juya su gaba da baya ya ce, "Wannan a wane sashe za mu sa shi?" Wata makarantar kuɗi ta ce ba a koyar da shi a sakandare, amma in tana so akwai ajin 'yan nazare da ba shi da malama. A wani ofishin ma ba ta wuce wurin maigadi ba. Ƙarshe ta samu aiki a shagon sayar da tayil, tana nuna wa masu gini launuka, tana share ƙurar siminti. Albashin yana ƙarewa ne a kuɗin mota da ɗan abin da ba a rasa ba.

A cikin wannan lokacin ɗan Dogo, wanda ya koyi gyaran firji na 'yan watanni kawai, ya sayi babur sabo fil. Dogo ya sa aka zagaya layin da shi. Ba da mugunta ya yi ba, murna ce ta uba, amma ranar Baba ya dawo gida da wuri, bai taɓa abincinsa ba.

Bai taɓa yi mata gori ba. Mama ce ta yi maganar sau ɗaya, tana ninke kaya, ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Da kuɗin da aka zuba a karatun nan keken ɗinki aka saya miki, da yanzu kina da yara masu koyon aiki a ƙarƙashinki."

"Ki bar yarinya," in ji Baba daga bakin ƙofa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma Auta ta ji da ma zaginta ya yi, da ya fi sauƙi.

Ta kusa shekara biyu a shagon tayil lokacin da wani tsohon malaminta ya aiko mata cewa wani kamfani yana neman irinta. Aikin kamfanin shi ne rubuta rahoto. Manyan bankunan da ke ba da rancen gine-gine ba sa sakin kuɗi sai an kawo musu bayani a rubuce kan mutanen da ginin zai shafa: su wane ne, da me suke ci, me zai same su in an tashe su. Shugabar sashen, wadda kowa yake kira Madam, mace ce mai tsafta da magana ƙasa-ƙasa. Ba ta ko kalli sakamakon Auta ba.

"Kin iya zama cikin mutane har su manta kina wurin?"

"Shi aka koya mana."

"To shi muke saye."

Da Auta ta ga albashin da aka rubuta, sai da ta fita baranda ta sake karantawa. Ya ninka na shagon tayil sau da yawa. Da na farkon ya shigo, ta kai Baba wurin likitan ido, aka yanka masa tabarau, ta saya masa sabon murfin fuska na walda mai gilashi mai kyau, ba irin wanda ya ɗaure da waya ba. Washegari ya shiga layi sanye da tabaraunsa, ya aika aka sayo lemon kwalba aka raba wa kowa.

"Dogo," ya ce, "ashe robar nan tana fitar da kuɗi."

"Wallahi na janye maganata," in ji Dogo. "Gobe zan tura nawa ɗan ya karanto anti ƙarfe."

Watanni suka wuce lafiya. Ta yi aiki a kan wata gada, ta yi a kan wani layin wutar lantarki. Sai wata safiya Madam ta kira ta ofis, ta shimfiɗa taswira a kan tebur. Wani kamfanin gine-gine ya sayi filin tsohuwar tashar mota da duk abin da ke bayanta, zai gina babban rukunin shaguna. Masu sana'ar da ke layin baya ba su da takardar mallaka, amma sun daɗe a wurin, kuma sun ƙi tashi. An ware musu wani fili can bayan gari. Bankin da zai ba da rancen ginin yana son rahoto.

Auta ta kalli dogon zanen da aka yi da jan biro, ta gane kwanar da shagon mahaifinta yake.

"Madam, mahaifina a nan yake aiki."

"Na sani. Mun tura mutum biyu, sun kore su. Ke ba za su kore ki ba." Ta naɗe taswirar. "Ki duba, da ke da babu ke ginin nan za a yi. Amma abin da kika rubuta shi ne kaɗai muryarsu da bankin zai ji. In kin ƙi, zan ba wanda zai zauna a mota ya cike takarda."

Da yamma ta faɗa wa Baba komai, ba ta rage ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Gaskiya za ki rubuta?"

"Ita kaɗai."

"To ki zo. Gara ke da baƙo."

Haka Auta ta koma layin da ta sani tun tana rarrafe, da littafi da biro. Da fari ana tsokanarta, ana cewa Anti Roba ta zo auna su. Bayan 'yan kwanaki aka saba, aka ci gaba da harkoki kamar ba ta nan. Sai ta fara ganin abin da ba ta taɓa lura da shi ba. Motar da ta yi hatsari takan shigo ta bakin layi wurin Dogo, ta wuce wurin Baba a yi walda, ta gangara wurin mai fenti, ta fita ta ƙarshen layi wurin mai ɗinkin kujeru, kowa ya samu nasa. Janareto ɗaya ne babba, kowa yana zuba mai gwargwadon aikinsa. Masu kawo aiki kuwa direbobi ne da matafiya da ke sauka a bakin titi, mutanen da ba za su taɓa zuwa bayan gari neman mai walda ba.

Ta kuma lura da wani abu. Dogo ne shugaba, shi ne mai jawabi a taro, amma ba a yanke komai sai an waiwaya an kalli wani tsohon kafinta da ke zaune a ƙarshen benci. Shi ne ya fara kafa rumfa a wurin. Rabin mutanen layin shi ya ba su gurbi. In ya gyaɗa kai an gama, in ya yi shiru ana ɗage magana. Kowa Baba Kafinta yake ce masa, har mahaifin Auta.

Tsohon ya saki jiki da ita ƙwarai. Wata rana yana goge ƙafar kujera, ta tambaye shi me ya fi tsoro game da tashin.

"Ni ba kaina nake ji ba, 'yata. Tsohuwata ce, mai ɗakina. Ƙodarta ta lalace, ana yi mata wankin jini a asibitin nan na bayan tasha. Daga nan ina iya ajiye zarto in kai ta in dawo. Daga can bayan gari fa? Kuma kuɗin wankin nan, kar ki so ki ji. Na sayar da abin da zan iya sayarwa."

"Mutanen layi sun sani?"

"Sun san ba ta da lafiya. Sauran ban faɗa ba. Ke ma don ke ce."

"In na rubuta, zai iya sa a ƙara muku diyya. Kun yarda in sa?"

"In zai taimaka, ki sa."

Ta zuba duk abin da ta iya a cikin rahoton. Ta nuna cewa layin ba tarin shaguna ba ne, masana'anta ɗaya ce mai ƙofofi da yawa, in an raba ta ko an kai ta nesa da titi za ta mutu. Ta ba da shawarar a nema musu wuri kusa, a tashe su tare. Don ta nuna ƙarfin haɗin kansu ta yi bayanin tsohon kafinta da matsayinsa. A sashen iyalai masu buƙata ta musamman ta rubuta halin matarsa. Ba ta sa suna ba, amma kafinta mafi tsufa a layin guda ɗaya ne. Madam ta karanta ta ce ba a taɓa kawo mata rahoto irinsa ba.

Ba a daɗe ba Baba ya dawo gida da rana tsaka, abin da ba ya yi. Ranar hutu ce, Auta tana wanki. Ya zauna a kan benci bai cire takalmi ba.

"Baba Kafinta ya sa hannu."

Ta tsame hannunta daga ruwa.

"Mutanen kamfanin gini sun je har gidansa. Sun ce za su ɗauki nauyin asibitin matarsa, za su ba shi ɗan shago kusa da asibitin. Shi kaɗai. Yau ya zo ya kwashe kayan aikinsa." Ya ɗago ya kalle ta. "Dogo yana tambaya, wa ya faɗa musu gidan da za su fara zuwa? Wa ya faɗa musu zancen ƙoda, abin da mu da muke tare da shi ba mu san zurfinsa ba?"

Baba bai jira amsa ba, ya tashi ya shiga ɗaki.

Da tsohon ya tafi, layin ya warware kamar an zare masa zare. Mai fenti ya sa hannu, mai ɗinkin kujeru ya bi. Dogo ya kira taro, rabin benci babu kowa, waɗanda suka zo ma suna ta waiwayen inda tsohon ya saba zama.

Ranar aiki ta farko Auta ta shiga ofishin Madam ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Wa ya ba kamfanin gini rahotona?"

"Su suka biya kuɗinsa. Nasu ne. Banki kwafi yake samu."

"Na rubuta a nema musu wuri kusa. Na rubuta a tashe su tare."

"Kin rubuta, kuma ban taɓa ko harafi ɗaya ba. Duka muka miƙa. Abin da suka zaɓa su yi aiki da shi, wannan ba ya hannuna." Madam ta nuna mata kujera, Auta ba ta zauna ba. "Ki saurare ni. Wata tsohuwa za ta samu magani wanda da ba za ta samu ba. An ƙara wa kowa diyya saboda bayaninki. Ba a kawo 'yan sanda ba, ba a fasa kan kowa ba. A wannan aikin, wannan nasara ce. Sun ma ce ke suke so a aikinsu na gaba, ni kuma na rubuta a ƙara miki matsayi."

Daga ofis ta wuce sabon shagon tsohon kafinta. Ɗan ƙaramin wuri ne mai ƙofar ƙarfe, da fenti sabo. Yana zaune a ciki, kayan aikinsa suna ɗaure a buhu bai kwance ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, sai hawaye ya riga maganarta.

"Baba, ni na jawo. Ban san haka za su yi da shi ba."

"Tashi, 'yata. Kin tambaye ni, na ce ki sa. Hannun da ya riƙe biron nan kuma nawa ne, ba naki ba." Ya kalli titi. "Sun zauna a ɗakina, tsohuwar tana kwance tana jin komai. Me zan ce musu a gabanta? In ce na zaɓi layi? Babu wanda ya zo gaishe ni daga can. Mahaifinki kaɗai."

A hanyar komawa ta haɗu da Dogo yana ɗora ƙarafa a kan motar kaya. Ta gaishe shi. Ya kalle ta daga sama har ƙasa, ya juya ya ci gaba da ɗaurin igiya.

An rushe layin kafin ƙarshen shekara. Baba ya karɓi diyyarsa ya kafa rumfa a filin bayan gari. Wurin fili ne fetal, ba wuta, ba titin kirki. Wasu sun zo, wasu sun watse cikin unguwanni, Dogo ma ya koma garin matarsa. Baba yakan fita da sassafe, ya hau mota biyu, ya wuni yana kallon hanya. Wani lokacin sati ya ƙare bai kunna inji ba. Diyyar ta tafi a kuɗin mota da man ƙaramin janareto. Da ya ga abin ba na yi ba ne, ya sayar da injin ga wani matashi, ya dawo gida ya zauna.

Auta ta rubuta takardar ajiye aiki. Kafin ta kai, ta samu Baba da hantsi a tsakar gida yana gyara hannun wata tsohuwar tukunya ta Mama da filaya. Ta zauna a ƙasa kusa da shi.

"Baba, zan bar aikin."

Bai daina abin da yake yi ba. "Kin samu wani?"

"A'a."

"To me za mu ci?"

Ya faɗe shi ne a hankali, ba faɗa, ba zargi. Ta sunkuyar da kai.

"Kuɗin hayar gidan nan ke ce. Maganin idona ke ce. Yayarki da mijinta ya rasa aiki, abin da kike tura mata shi ne abincin 'ya'yanta." Ya ajiye filayar. "Ni na ce ki zo layin. Na ji daɗi da kika zo, har ina nuna ki. In akwai laifi, mu raba. Amma kar ki ƙara mana da yunwa don ki ji sanyi a ranki."

"Baba, ba na iya kallon fuskarka."

"Ki koya. Ni ma ina koyon zaman gida, kin ga ai ban iya ba tukuna. Mamanki ta ce na hana ta sakat, na gyara duk abin da bai lalace ba."

Daga kicin Mama ta ce, "Faɗa mata gaskiya, ka ɓata mini murfin tukunya biyu."

Auta ta yi dariya da hawaye a fuskarta. Takardar ba ta kai ofis ba.

Aikinta na gaba a bakin wani kogi ne, inda za a gina matattarar jiragen kaya, a tashi masunta. Ranar farko aka tara mata su a ƙarƙashin wata rumfar gyaran raga. Kafin ta buɗe littafi ta miƙe tsaye.

"Kafin kowa ya ce komai, ku san wannan. Kamfanin da zai tashe ku shi ya biya a yi wannan aikin, kuma duk abin da na rubuta zai karanta. Zan rubuta yadda sana'arku take da abin da za ku rasa. Ba zan tambayi wanda kuke jin maganarsa ba, kar ku nuna mini shi. Abin da ke cikin gidajenku kuma ku bar shi a can."

Wasu suka tashi suka tafi. Waɗanda suka rage suka yi magana a taƙaice, suna auna kowace kalma, kuma babu wanda ya manta tana wurin ko na minti ɗaya.

Rahoton ya fito siriri. Madam ta juya shafukan ta ce, "Wannan ba hannunki ba ne. Kowa ma zai iya rubuta wannan." Zancen ƙarin matsayi ya mutu daga nan, kamfanin gini kuma bai sake neman ta da suna ba. Amma ba a kore ta ba, don har yanzu ita ce mai zuwa inda sauran ba sa son zuwa. Albashin yana shigowa ƙarshen kowane wata, ana biyan haya, ana sayen magani.

Matar tsohon kafinta ta rayu har shekara ta zagayo, sannan ta rasu. Auta da Baba suka je gaisuwa tare. A ƙofar gidan suka tarar da mai fenti da mai ɗinkin kujeru da wasu mutum uku daga tsohon layin, kowa daga unguwa dabam. Suka matsa wa Baba wuri a kan tabarma. Auta ta gaishe su, biyu suka amsa, ta wuce cikin gida wurin mata.